Fulogin ɗin da Nasiru ya kulle

Ku kashe injinan nan kafin su mutu da kansu, tunda wuta ta ɗauke kuma ondila, batirin da ke riƙe musu wuta, sai kuka take yi. Ku jawo kujeru. Ɗazu na ji ɗayanku yana gaya wa kwastoma a waya wai cire fulogin ai ba aiki ba ne, danna "share" ne kawai. Ban tanka ba saboda akwai baƙo a shago. To baƙo ya tafi, yanzu sai ku saurare ni, don wallahi maganar nan ta ɓata mini rai.

Ni ba da shafukan intanet na fara ba. Keken rubutu nake gyarawa a bakin babbar kasuwar Garwa, da burushi da ɗan man keke da sukuddireba, ina wanke wa masu buga takardun kotu haruffan da tawada ta toshe. Da sana'ar ta fara mutuwa a hannuna sai wani mutumin kudu, Misye Tomas, ya buɗe sibar, wato shagon intanet, kusa da tasha, ya ɗauke ni ina share masa injina. Mutum ne mai faɗa, ga rowar yabo, amma ya san aiki. Shi ya zaunar da ni gaban baƙin allon nan da kuke gudu, wanda ba hoto ba linzami, sai rubutu zalla. Idan na miƙa hannu zan goge wani abu sai ya buge mini yatsu da biro, ya ce, "Habu, ka duba na wane ne tukuna?" Na sha birona har na haddace.

Abin da ya koya mini shi ne abin da nake ta fama in cusa muku. Shafi yana zaune ne a kan sarba, wata babbar na'ura da ake haya, yawanci a ƙasar waje. Kowane fayil a cikinta yana da mai shi, an rubuta sunansa a gefe, kuma an rubuta wa aka yarda ya karanta, wa aka yarda ya canza. Fulogin kuwa ƙarin kaya ne da ake liƙa wa shafi don ya yi wani ɗan aiki, kuma shi ma tarin fayiloli ne a cikin dosiye, wato jakar da ake tara su. Idan ka danna "share" ya ƙi, ba taurin kai yake yi ba, kai ne ba ka da izini a kansa. Ku kuma da zarar abu ya ƙi sai ku buga masa lambar izinin nan bakwai-bakwai-bakwai, ku buɗe wa duniya duka. Wannan kamar mutum ne makullin ɗakinsa ya ƙi buɗewa sai ya cire ƙofar gidan gaba ɗaya. Kun shiga, gaskiya ne, amma ɓarawo ma ya shiga.

Yawancin irin wannan aiki ba ya cin lokaci. Na tuna wata ƙungiyar manoman auduga a Pitowa, fulogin ɗin da ke nuna musu hasashen ruwan sama ya lalace ya ƙi fita. Na hau taksi na je, na buɗe baƙin allo, na ga ashe wanda ya girka shi da wani suna ya shiga, shafin kuma da wani suna yake aiki. Na nemi babban mabuɗi, wato kalmar sirrin da ke da iko a kan komai, a wurin sakatarensu, na mayar da fayilolin sunan da ya dace, na goge. Shayin da suka haɗa mini bai ma huce ba. Irin wannan ne kuka saba gani, shi ya sa kuke ɗauka sana'ar wasa ce.

Amma akwai aikin Alhaji Mamman.

Alhaji Mamman mai dardumai, kun san shagonsa a layin 'yan turare. Kakansa ne ya zo Garwa daga Kano da fatauci, kuma tun daga lokacin gidansu abu ɗaya suke sayarwa: dardumai, carbi, Alƙur'anai, harami na alhazai. Ɗansa Nasiru ne ya yi karatu a Ngaundere ya dawo da ilimin kwamfuta, ya ce sai ya buɗe wa shagon shafi don masu sari daga Maruwa da Kusiri su riƙa ganin kaya ba sai sun zo ba. Nasiru ya fi ni ilimi nesa ba kusa ba, amma Yaya Habu yake ce mini, kuma idan ya shigo nan sai ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar ya shigo ɗakin mahaifinsa. Shi ya yi hayar sarba a wani kamfani a Faransa da sunansa, ya sayi adireshin shafin da sunansa, ya biya na shekaru masu yawa gaba ɗaya don kada a manta. Ni kuma ya ba ni ƙaramin mabuɗi, in riƙa sa hotunan sababbin kaya idan ya yi tafiya.

A can saman shafin, ƙarƙashin sunan shago, ya sa wani fulogin mai nuna lokutan salla na Garwa da kwanan watan Musulunci. Wannan ɗan akwatin shi ne abin da Alhaji ya fi so a duk shafin. Ba ya karanta boko sosai, amma yana gane lambobi, kuma sai ya ɗaga wa abokansa waya ya ce, "Kun ga, shagona har ladanci yake yi." Saboda haka Nasiru ya ajiye fulogin ɗin a dosiyen da shafi ba ya tashi sai da abin da ke ciki, ya kulle shi da sunansa, don kada ni ko wani mu kashe shi bisa kuskure. Aiki ne mai tsabta. Ko ni ne haka zan so in yi.

Sai shekarun nan suka zo da hanyar arewa ta lalace. Ku yara ne lokacin, amma kun ji labari: motoci ba sa wuce Mora sai da rakiyar soja, masu sari suka daina zuwa, rabin kwastomomina suka rufe shafukansu, na sayar da injina biyu don in riƙe shago. A cikin wannan hali Nasiru ya ɗauki kaya zai kai wa wani dillali a Kusiri. An ga motarsu ta bar Maruwa. Daga baya aka tsinci motar a gefen hanya, ba kaya, ba mutane. Ba a kira kowa an nemi fansa ba, ba a ga gawa ba. Ya bar matarsa Hadiza da 'yarsu ƙarama a gidan Alhaji.

Alhaji bai zauna makoki ba. Duk wanda ya zo da niyyar ta'aziyya sai ya tare shi tun daga zaure ya ce, "Jaje za ka yi mini, ba ta'aziyya ba. Nasiru tafiya ya yi." Shekaru suka wuce a haka. Hadiza tana nan, ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji a gida ba. Ni kuma na ci gaba da sa hotunan dardumai da ƙaramin mabuɗina, shafi yana aikinsa lafiya lau.

Wata rana da azahar, a tsakiyar zafin bazara, sai ga Alhaji da kansa a ƙofar nan, shi da ko yaushe aike yake yi. Gumi ya jiƙa masa riga. Bai ko amsa gaisuwata ba ya miƙo mini waya, fuskarsa a kawar gefe. Na duba. Inna lillahi! A cikin akwatin nan na lokutan salla, daidai ƙarƙashin sunan shagon, tallar caca ce ke walƙiya, da hotunan mata tsirara. Wani malamin makarantar Islamiyya ne daga Bogo ya buɗe zai yi odar Alƙur'anai ya ci karo da ita, ya kira Alhaji yana salati.

Na ce, "Alhaji, zauna. Yanzu zan cire shi."

Kun ji irin bakin da na yi, irin naku. Na shiga, na nemi wurin kashe fulogin ɗin, babu, don ba a cikin waɗanda ake kashewa yake ba. Na buɗe baƙin allo na ba da umarnin gogewa, ya ce ba ni da izini. Na gwada canza wa dosiyen suna, ya ƙi. Na gwada canza izinin kansa, ya ce ai ba nawa ba ne balle in canza. Na jera fayilolin na duba gefe, tun daga sama har ƙasa suna ɗaya ne: nasiru, nasiru, nasiru. Na bi diddigin tallar sai na gane abin da ya faru. Fulogin ɗin ba shi yake lissafa lokutan salla ba, ɗebo su yake yi daga adireshin wanda ya ƙirƙire shi. Mutumin ya watsar da adireshin, 'yan caca suka saye, suka zuba ƙazantarsu. Fulogin bai san komai ba, abin da ya tarar shi yake kawowa.

Na juyo na yi wa Alhaji bayani a hankali. Na ce masa abin nan Nasiru ya kulle shi, ba wanda ke da ikon taɓa shi sai Nasiru.

Sai na ga fuskar tsohon nan ta canza. Ya matso da kujera har gwiwarsa tana taɓa tawa, ya kama mini hannu. Ya ce, "Habu, maimaita. Ba mai iya taɓa shi sai Nasiru?"

Na ce, "Haka ne, Alhaji."

Ya ce, "To ga shi an taɓa. Jiya lokutan salla ne, yau wani abu ne daban. Ashe yana raye ke nan!"

Wallahi ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba. Mutumin da ya shigo kunya na neman kashe shi, ga shi yana dariya hawaye na zuba. Yana cewa, "Ko sun tilasta masa ne, ko shi ne ya lalace, ba komai. Ko caca yake yi ya dawo gida, ni zan ji da shi. Habu, duba mini, daga wane gari ya taɓa?"

Na so in yi shiru. Na so in ce masa bari in bincika, ya tafi gida da murnarsa ko na yini ɗaya ne. Amma zai tafi ya gaya wa Hadiza, ya gaya wa mahaifiyar yaron, kuma ƙaryar za ta yi ta girma a gidan. Sai na juya masa allon. Na nuna masa cewa a gefen kowane fayil, bayan sunan mai shi, akwai ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe. Na ce ya karanta lambobin da kansa. Ya sa tabarau, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Mafi sabunta a cikinsu tun kafin tafiyar Kusiri ne. Na ce, "Alhaji, ba wanda ya shigo nan. Daga waje ƙazantar take zuwa. Nasiru bai taɓa komai ba."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce, "To." Ya tashi ya fita, ya manta wayarsa a kan tebur, sai da na bi shi da ita.

Daga nan na shiga neman hanya. Na kwashe duk hotunan kaya na bar shafin fanko, amma sunan shago da akwatin suna nan a sama, don su ma a kulle suke. Na gina wa Alhaji sabon shafi a wani adireshi, amma tsohon ne ke buge a jikin ledojin shago da kalandun da aka raba shekara da shekaru, kuma shi mutane suka sani. Hadiza ta zo nan da hijabinta ta zauna inda kake zaune, muka yi ta gwada kalmar sirri: sunan 'yarsu, sunan mahaifiyarsa, garin da suka haɗu. Kowace ta faɗa sai muryarta ta ƙara yin ƙasa. Na tsayar da ita da na ga kamfanin zai toshe mu gaba ɗaya. Kwamfutarsa kuwa da ita ya yi tafiya.

Na rubuta wa kamfanin da Faransancina na kasuwa. Suka amsa da ladabi, kuma ban ga laifinsu ba. Suka ce tallar ba daga na'urarsu take fitowa ba, kuma ba sa rufe wa mutum shafinsa ko su ba da mabuɗinsa don wani ya nema. Ko dai mai asusun ya yi magana da kansa, ko magajinsa ya kawo takardar hukuma da ke tabbatar da rasuwarsa. Hanya ta uku ita ce a jira kuɗin haya ya ƙare, Nasiru kuma ya biya na shekaru.

Na je shago na gaya wa Alhaji. Yana jin kalmar rasuwa ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ka ga gawarsa?" Na ce a'a. Ya ce, "To ni ma ban gani ba. In je gaban alƙali in rantse ɗana ya mutu saboda hoton banza? A zage ni, Habu. Na iya jurewa." Ya sa aka shafe adireshin daga allon shago da fenti, aka ƙone sauran ledojin. Masu sari na makarantu suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar. Duk wannan ya jure, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Abin da bai iya jurewa ba daga baya ya zo. Tunanin nan da ya fara zo masa a shagona, ashe ya zo wa mutanen gari ma, sai dai su ba da ƙauna ba. Magana ta bazu a kasuwa cewa Nasiru ba sace shi aka yi ba, guduwa ya yi da kayan ubansa, yana can Duwala ko Legas yana harkar caca da mata, ga shaida nan a shafinsa. Na yi faɗa da mutane a kan wannan har muryata ta dishe. Wa zai tsaya ya saurari bayanin ranar fayil? Har maganar ta kai lekol, makarantar bokon da 'yar Nasiru take. Yarinyar ta dawo gida tana kuka, ta tambayi kakanta ko gaskiya ne babanta ɗan iska ne.

Washegari Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, ya rame, hularsa a gefe. Ya ce, "Habu, da sunana ake ci ban damu ba. Yanzu naman yaron nan ake ci, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Idan na ce yana raye, sun ce ɗan caca ne. In wanke shi, sai na ce ya mutu." Sannan ya ce, "Wace takarda mutanen kamfanin suka ce?"

Ba zan ba ku labarin zirga-zirgar tiribinal, wato kotu, ba, ta ɗauki watanni. An nemi shaidu, an nemi rahoton jandarmomin da suka tsinci motar. Ni na raka shi ranar da ya sa hannu. Da takardar ta fito ya kira malamai, suka yi magana da Hadiza, ta shiga takaba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Alhaji ya zauna ya karɓi ta'aziyyar da ya yi shekaru yana korewa. Ni na aika wa kamfanin hoton takardar, suka duba, suka turo babban mabuɗi da sunan Alhaji.

Na ce masa zan yi aikin in zo in gaya masa. Ya ce a'a, a gabansa za a yi. Ya zo da safe ya zauna kusa da ni. Na shiga da babban mabuɗi, na jera fayilolin fulogin ɗin, na duba su sau biyu kamar yadda aka koya mini, na rubuta umarnin gogewa, na danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Na buɗe shafin a waya na miƙa masa: sunan shago, ƙarƙashinsa fari fes.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Alhaji."

Ya ce, "Abin da na kai ɗana kotu a kansa ke nan."

Sai na koma ga aiki, don shi na iya. Na jera sauran fayilolin shafin, allo ya cika. Na ce masa saura abu ɗaya. Duk waɗannan har yanzu da sunan Nasiru suke, kuma ƙa'idar aiki ita ce in mayar da su sunan shago, don kada gobe wani abu ya lalace a sake shan wahala. Layi ɗaya zan rubuta, duk su canza. Har na fara bugawa.

Alhaji ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ya sa tabarau, ya matso, ya kai yatsa kan allon inda sunan yake jere tun daga sama har ƙasa. Wannan kalmar kam ya iya karanta ta.

Ya ce, "Duk wannan shi ne?"

Na ce, "Duk aikin hannunsa ne."

Ya ce, "In an bar shi haka, shafin zai yi aiki?"

Na ce, "Zai yi. Sai dai duk gyaran da za a yi sai an sha zagaye."

Ya ce, "To a sha zagayen. Na ba hukuma takarda, na ba matarsa takaba, na ba mutanen gari makoki. Wannan kam ka bar mini, Habu."

Na goge layin da na fara rubutawa. Ya zauna yana kallon allon har aka kira azahar, ni kuma ban kashe injin ba sai da ya tashi da kansa.